Ragowar Gari a Takardar Awo

Kwalbar ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba, amma wata bakwai muka yi muna jiran a kawo ta. Gishirin taki ne a cikinta, mai alama. An sauya nauyin sinadarin naitirojin da ke cikinsa, ta yadda idan shuka ta sha, na'ura za ta bi sawunsa har cikin ganye. A ido kuwa ko aljani ba zai bambanta shi da gishirin taki na gama-gari ba. Fari ne, gari ne, shi ke nan. Tukwane sittin na masara na shayar da shi, kuma digirina kacokan yana kansu.

Ranar da sakamako ya fito, Farfesa mai duba aikina ya kira mu ɗakin awo, ni da dattijon da ke kula da kayan aiki, wanda muke kira Baba. Ya dangwarar da takardar sakamakon kusa da sikeli.

"Alamar ta ragu da rabi. An gauraya kwalbar nan. Wanda ya yi, yau zai bar ɗakin nan. Hannun wa?"

Dokarmu ɗaya ce, abin da ya fito daga kwalba ba ya komawa. Baba kuwa ba ya iya ganin asara, ko safar hannu ta roba sai ya wanke ya shanya. Wata safiya can baya na bar ragowar farin gari a takardar awo na fita amsa waya. Na dawo na tarar da tebur tas, Baba yana murɗa murfin ƙaramar kwalbar.

"'Yata, abu mai tsada haka ba a barinsa a iska," ya ce.

Har godiya na yi masa, ni sakarai. Sai yanzu na tuna daga babbar kwalba na ɗebo garin nan, ta gama-gari.

Na saci kallonsa. Shi ma ya tuna, don gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wata huɗu ya rage ya yi ritaya bayan shekara talatin, ga matarsa a kwance ba lafiya.

"Ina jira," in ji Farfesa.

"Ni ce, Farfesa. Ni na mayar da ragowa."

Na faɗa ne ina sa ran Baba zai tari numfashina ya ce a'a, mu raba laifin, ko Farfesa ya sassauta. Wallahi na jira. Baba ya sunkuyar da kai ya kama goge sikelin da babu ko ƙura a kansa. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa lokaci guda irin na ranar ba.

"Ba da makullinki na ɗakin nan," Farfesa ya ce, ya fice.

Karɓar makulli aikin Baba ne. Ya miƙo hannu bai dube ni ba, na riƙe masa tafin na saka makullin a ciki.