Mamuda Dubu a Ɗigo Guda

Daren jiya Hansai ta yi wani mafarki, da bakinta ta faɗa mini. Ita da mijinta Mamuda sun daɗe suna neman haihuwa. Likita ta ce yanzu shi za a gwada: za a sa irinsa cikin ɗigon ruwa mai kauri, a tsinci ƙwayoyin da suka iya ratsa shi. Mamuda ya ce ba inda za shi, lafiyarsa ƙalau. Da wannan ta kwanta.

Sai ga ta a asibiti. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, mutane sun kifa lema a ƙarƙashin ƙafa. Wata akuya mai tabarau ta karɓi katinta ta cinye.

"An yi miki rajista, baiwar Allah. Shiga ɗigo na uku."

Ta tattare zani ta shiga. Ashe cikin ɗigon gulbi ne guda. Wani sauro mai farar riga yana tsoma ƙafa, ya ɗaga, ya duba zaren yauƙin, kamar mai gwada miyar kuɓewa.

"Hajiya, in ya tsinke, ko malalaci ya haye. In ya cika kauri, kowa ya maƙale. Yanzu ya yi daidai."

A bakin gulbin kuwa, ga Mamuda sun fi dubu, ƙanana kamar ƙwayar gero, kowa da hularsa da 'yar wutsiya. Suna zaune kan benci suna shan shayi.

"Malam, ku shiga mana," in ji Hansai.

Suka amsa baki ɗaya: "Mu lafiyarmu ƙalau."

Wani ya shiga ya yi ta zagaye kansa. Wani ya yi iyo da baya har ya isa Funtuwa. Akuya ta duba agogon da ke wuyanta, ta ce in ya buga za a shanya gulbin a igiya.

Can wani mai karkatacciyar hula ya ajiye kofinsa. Bai kalli kowa ba, kunya ta cika shi. Ya faɗa ruwan yana harba ƙafa kamar mai tayar da babur. Ya harba, ya maƙale. Ya sake harbawa, ya ɗan matsa. Hansai tana bin sa a gefe har ya haye, yana haki.

Ta miƙa hannu, akuya ta tare ta.

"Shi ne, amma ba ma sallamar na mafarki. Sai mai shi ya zo da ƙafarsa."

Harbin bai tsaya ba. Ta buɗe ido, gari ya waye, ashe babur ne a tsakar gida ya ƙi tashi. Mamuda ya leƙo ɗaki, hula a karkace, idonsa a ƙasa.

"Ki tashi mana. Ba likitar ta ce a zo da wuri ba?"