Arba'in da Tara da Rabi

Tun ranar da makarantar ta sayi manhajar tantance ɗalibai, aikin ya faɗo kan malamar kwamfuta, wadda yara ke kira Anti Shiru. Ba ita ta nema ba. Shugabar makarantar ce ta leƙo ɗakin kwamfuta, gilashi a kan hanci, ta ce, "Ke kika karanta abin nan a jami'a, ko? To ki raba mana 'yan aji biyar gida uku bisa makin lissafi. Duk wanda ya samu ƙasa da hamsin ya faɗa gidan ƙasa, ba shi da hutu, darasin ƙari zai riƙa zuwa."

Anti Shiru ta ce to. Dama a bakinta babu kalmar da ta kai "to" shan aiki.

Abin ba wuya. Manhajar gurabe uku ta buɗe mata, kowanne da wurin rubuta inda maki ya fara da inda ya tsaya. Ta sa sifili zuwa arba'in da tara, ta ba shi ja. Hamsin zuwa sittin da tara, rawaya. Saba'in zuwa ɗari, kore. Ta loda makin, ta danna, sunaye suka watse kowa ya nufi launinsa. Har ta fara murmushi, sai ta hango can ƙasan allo wasu sunaye biyar sun yi cirko-cirko cikin launin toka, an rubuta musu: ba su da rukuni.

Ta duba makinsu. Dukkansu arba'in da tara da rabi. Sun wuce ja, ba su kai rawaya ba, sun zurma cikin ramin da ta bari a tsakani.

Ba sai an gaya mata aikin wane ne ba. Malamin lissafi tsoho ne mai sanyin hali, wanda kowa ke kira Malam Da-Rabi. Tun yana saurayi hannunsa ba ya iya rubuta wa yaro sifili. In yaro ya bi hanya daidai ya ɓata a ƙarshe, rabi. In ya ja layi da rula tsaf, rabi. An ce akwai wanda ya taɓa samun rabi don ya rubuta kwanan wata.

Suna na uku cikin biyar ɗin shi ya tsaya mata a rai: Tsigi, 'yar yayarta, wadda suke gida ɗaya. Uban yarinyar yana can wani gari mai nisa yana aikin gina gada, rabonta da shi tun hutun bara. An yi mata alkawari wannan hutun can za ta yi shi. Jakarta ma a ɗaure take a bayan ƙofa tun kafin a fara jarrabawa.

Da yamma Anti Shiru ta tarar da yayarta tana goge kayan tafiyar, ta faɗa mata a hankali.

"Rabin maki?" Yaya ta jingine dutsen guga. "Ke ba ke ke riƙe da injin ba? Ki ɗan matsar da layin mana. Wa zai gani?"

"Ni zan gani, Yaya."

"To ki rufe ido ki danna. Kin san tun yaushe yarinyar nan take haddace abin da za ta gaya wa babanta? Har karen maƙwabta yana cikin labarin."

Tsigi ta leƙo daga ɗaki, kai rabi a tsefe. "Anti, wane launi na samu?"

"Toka."

"Toka mai kyau ce ko marar kyau?"

"Ba a gama yanke shawara ba."

Washegari da safe ta zauna gaban kwamfutar. Gurbin rawaya a buɗe. Ta goge hamsin, ta rubuta arba'in da tara da rabi. Nan take sunayen biyar suka yi tsalle suka koma rawaya, kamar dama can gidansu ne. Ta zuba musu ido. Babu kowa a ɗakin sai fanka mai kukan nan nata. Sai ta tuna Shugaba cewa ta yi ƙasa da hamsin, ba ta ce ƙasa da abin da ya yi wa Anti daɗi ba. Ta mayar da hamsin, biyar ɗin suka sake komawa toka. Ta ɗauki kwamfutar ta nufi ɗakin malamai.

Ana shan shayin tara. Ba a saba jin muryarta a nan ba, don haka da ta ce, "Ina da magana," har cokali ya daina motsi a kofi.

Ta juya musu allon, ta nuna ramin da ke tsakanin ja da rawaya, ta ce ita ta bar shi, don ba ta yi tunanin rabi ba. Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma ɗaya daga cikinsu 'yar yayata ce. Shi ya sa ba na so a ce ni na zaɓi inda za su faɗa."

Shugaba ta dube ta ta saman gilashi, sannan ta juya wajen Malam Da-Rabi. "Malam, ga 'ya'yanka nan sun rasa masauki."

Malam Da-Rabi ya matso da kujera, ya ƙura wa allon ido. "Wato injin nan bai san rabi ba?"

"Ya sani," in ji Anti Shiru. "Bai san inda zai ajiye shi ba ne."

"To ai ni ma ban sani ba, 'yata. Shi ya sa nake ba su abinsu su tafi da shi gida."

Ɗakin ya ɗauki dariya, ban da Shugaba. "Ni ƙasa da hamsin na ce, kuma arba'in da tara da rabi ƙasa da hamsin ne, sai dai in lissafin ya canza bayan na bar makaranta."

Jakar bayan ƙofa ta faɗo wa Anti Shiru a rai.

"Ranki ya daɗe," Malam ya ce, yana murza hularsa a gwiwa, "rabin nan ba kyauta ba ce. Yaro ne ya zo har bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa. A ce masa bai zo ba?"

"To ka buɗe masa ko ka kore shi. Ka ɗauki takardun biyar ɗin ka sake dubawa. Kafin a tashi ina son cikakken maki, ko sama ko ƙasa. Duk abin da ka rubuta shi za a sa."

Yinin nan Anti Shiru ba ta san me ta koyar ba. Sau biyu tana wucewa ta bakin ajin Malam kamar mai neman alli. Tana hango shi ta taga, ya duƙufa kan takardu, jan biro a bayan kunne, yana kaɗa kai yana magana shi kaɗai.

Dab da tashi ya shigo ɗakin kwamfuta, Shugaba na biye da shi. Ya ajiye takardun, ya gyara murya.

"Na duba da idon basira. Ashe a kowace takarda akwai wani rabin da ya ɓuya mini. Ita wannan," ya zaro ta Tsigi, "tambaya ta bakwai, ta raba daidai, ta manta ta rubuta saura. Ga sauran nan a gefe, ta yi shi da fensir. Rabi. Rabi da rabi kuwa ɗaya ne."

Shugaba ta karɓi takardar, ta kai ta kusa da gilashi. Lallai ga ɗan fensir nan a gefe, ƙanƙani kamar mai shi. Ta duba sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya, ta sauke numfashi. "Sa musu hamsin."

Anti Shiru ta sa. Tokar ta watse.

"Sai dai," Malam ya ci gaba, yana zaro wani ƙunshin takardu daga hammata, "na ga ba adalci ba ne in duba na waɗannan in bar na 'yan arba'in da tara. Su ma na sake dubawa."

"Malam," in ji Shugaba a hankali, "me ka ba su?"

Ya sunkuyar da kai. "Rabi-rabi."

Shugaba ta cire gilashin, ta dafe goshi. "Anti, toshe ramin nan yanzu, ina tsaye. Ja ya tafi har bakin hamsin. Kai kuma Malam, tunda 'ya'yanka ne, kai za ka koyar da su a hutun."

"Ai dama ban da inda za ni," ya ce, fuskarsa a sake.

Da Anti Shiru ta fito, Tsigi na jiranta a bakin get, jakar makaranta na jan ƙasa.

"Anti, sun gama shawarar?"

"Sun gama. Rawaya."

"Rawaya tana zuwa wurin Baba?"

"Tana zuwa. Amma ki riƙa rubuta saura da biro."

Tsigi ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Tuni ta yi gaba a guje, za ta je ta ga ko mamarta ta sa mata jan takalminta a jaka.