Hankicin Ranar Juma'a

Malam Almu ya ba shekara arba'in baya lokacin da ƙuraje suka sake feso masa a fuska. Mai sayar da masara ne a kasuwar Kankara, kullum yana kan babur tsakanin ƙauyuka, fuska naɗe da rawani, gumi na tsatsafowa a ƙarƙashi. A bazarar nan sai ga su a goshi da haɓa, jajaye masu zafi, irin na ɗan shekara sha bakwai. Abokan rumfa suka sa shi gaba, wai Almu ya koma saurayi, a fara haɗa lefe.

Ya shafa lemon tsami, ya shafa toka, abin sai ƙaruwa. Matarsa Saudatu ce ta matsa masa ya je asibiti. Ma'aikacin lafiya ya rubuta masa wani ruwan sabulu mai magani, ya ce ya riƙa wanke fuska da shi safe da yamma, ya ɗauraye sosai, kada ya matse ƙurajen, kuma ya yi haƙuri don ba a kwana ɗaya yake aiki ba. Ya kuma ja masa kunne cewa maganin yana koɗar da tufafi. Wannan ta ƙarshen ba ta zauna a kan Almu ba, hankalinsa na can rumfa.

Wata Juma'a ya makara. Ya wanke fuska a gurguje, ya watsa ruwa sama-sama, ya laluba aljihun babbar rigarsa ya goge da abin da hannunsa ya samu. Sai bayan an sauko daga masallaci ya ga abin da ya yi. Hankicin nan ne shuɗi mai fure ja a kusurwa, wanda ba ya ɗauka sai ranar Juma'a. Tsakiyarsa ta yi dabbare-dabbare, rabin furen ya koɗe.

Ya zauna a dakalin ƙofar gida ya kasa shiga. Garin Sheme ne ya faɗo masa a rai, lokacin yana bin mahaifinsa kai hatsi bakin titi, Saudatu kuwa tana taya innarta sayar da dafaffiyar gyaɗa. A wancan lokacin ma fuskarsa cike take da ƙuraje, har ya saba tsayawa a kaikaice idan zai yi mata magana. Yakan sayi gyaɗar da ba ya marmari don kawai ya daɗe a tsaye. Wata rana da la'asar ta miƙa masa ƙullin gyaɗa tare da hankicin, ta ce ya daina goge fuska da hannun riga, shi ke ƙara masa ƙurajen. Ita ta ɗinka furen da hannunta. Mahaifinsa na can zaune kan buhu ya yi kamar bai gani ba, sai da suka kama hanyar gida ya tambaye shi ɗiyar wa ce. Tsohon ya daɗe da rasuwa, rabon Almu da Sheme kuwa tun da hanya ta lalace da tsoron 'yan bindiga.

Da ya shiga gida sai ya ajiye hankicin a kan tabarma gabanta. Saudatu ta ɗaga shi ta duba a hasken rana, ta daɗe tana shafa furen da ɗan yatsa.

"Malam, ashe har yanzu kana yawo da shi?"

Ya ce ai shi ya ɓata shi da gaggawarsa.

"Don goge ƙuraje na ba ka shi," in ji ta. "Ya yi aikinsa."

Daga nan hira ta ɓalle. Ta tuna masa ranar da ya zo zance da makilin ɗin da ya shafa wa ƙuraje a goshi ya manta bai wanke ba, ƙawayenta suka yi ta dariya a bayan danga. Shi ma ya yi dariya har da hawaye, abincinsu ya huce a kwano.

Ta ware masa farin tawul, ya ci gaba da wanke fuskar kamar yadda aka ce. Da farko fatar ta bushe tana saɓa, daga baya ƙurajen suka fara kwanciya. Kafin a yi shuka sun mutu, sai ɗan tabo a haɓa.

Da ruwa ya zauna, direbobi suka ce hanya ta yi sauƙi, ya ce ta shirya su je gaida Inna. Suka shiga motar haya ranar Lahadi da hantsi. A bakin titin Sheme babu fuskar da suka gane cikin masu talla, duk 'yan yara ne. Almu ya sayi gyaɗa a wurin wata, suka taka a hankali zuwa gidan, Saudatu na nuna masa inda rijiya take a da.