Baƙon da Ya Sha Furar Kaka

Sawun ne ya fara jan hankalin Zaratu: yatsu uku manya a kan danshin yashi, babu na baya. Suna dawowa daga bakin kogin Ngadda ita da ƙawarta Falmata, kowacce da ɗaurin itace a ka. A lokacin garin Yerwa bai yi faɗi ba, kana barin gidajen unguwar Fezzan sai ƙaya da ciyawa.

Suka bi sawun har gindin wata aduwa. Can suka tarar da ɗan tuje, tsuntsun nan mai dogon wuya wanda Zaratu ba ta taɓa gani ba sai a labari. Igiyar tarko ta ci masa ƙafa har ta yi jini.

"Tarkon Inuwa maharbi ne," in ji Falmata. "Bature zai kai wa, wanda yake sa tsuntsaye a keji, mota ta tafi da su."

Zaratu ta dubi idon tsuntsun, ta sauke itacenta. Suka kwance igiyar, suka naɗe shi a mayafi yana ta saran iska, suka lallaɓa da shi garken awakin gidan su Zaratu.

Saura Kaka Zainaba, wadda gidan ke hannunta tun da mahaifin Zaratu ya tafi fataucin shanu. Falmata ce mai baki, ita ta je. Hausarta kuwa ta kasuwa ce, irin wadda ba ta raba namiji da mace.

"Kaka, mun kawo baƙo. Daga daji ta zo, ƙafarsa ciwo. Wani yana nemanta."

"Ke 'yar Barebari, tsaya! Baƙo ko baƙuwa? Kin mai da mutum ɗaya biyu."

"Duka ɗaya ne, Kaka."

"A garinku ba!"

Kaka a ruga ta girma, inda duk wanda ya ci a ƙwaryarka ya shiga amanarka har ya tafi da ƙafarsa. Ta dama fura da nono ta miƙa wa Falmata. "Ku kai masa. Ko ku kai mata."

Tuje ya dubi furar ya kau da kai. Zaratu ta ruga bayan gida ta kamo fara, tana tsoma su a furar ɗaya bayan ɗaya. Nan fa baƙo ya saki jiki, yana cafkewa, Falmata tana yi masa kirari da Barbarci.

Ana haka sai ga sallamar Inuwa. Itacen da suka yasar a gindin aduwa ne ya tona su.

"Iya, jikokinki sun ɗauke mini kamu."

Kaka ta dogara sandarta har garke, Inuwa na biye. Ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne baƙon?"

"Shi ne ita, Kaka," in ji Falmata.

Kaka ta yi dariya har sai da ta riƙe danga. Da ta share hawaye ta ce, "Inuwa ɗana, dubi bakinsa."

Bakin tuje fari fat da nono.

"Ya ci a ƙwaryata. Sai ya warke ya tafi da kansa."

"Iya, tsuntsu ne fa."

"Ni ma da idona. Ban tambayi irinsa ba kafin in ba shi, ba zan tambaya yanzu ba. Ga sauran furar, zauna ka sha tare da shi."

Inuwa ya dubi ƙwaryar, ƙafafun fara na yawo a ciki. Ya dubi 'yan matan, sun kare tsuntsun da jikinsu suna danne dariya. Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya sunkuya ya ɗauki igiyarsa da ke yashe, ya naɗe ta a hannu, ya sa takalmansa ya fita.