Wanda Ya Feɗe Kaka

Ranar da Senyor Valadares ya harbe Kaka, ina tsakiyar kogi da mata huɗu da buhunan masararsu a cikin kwalekwalena. Muka ji tashin bindiga sau biyu daga gaɓa. Ɗaya daga cikin matan ta ja zane ta rufe fuska.

Valadares shi ne Baturen Fotugal da aka turo daga Dili, babban birnin Timor, ya riƙe gundumarmu, shekara shida bayan tafiyar Japanawa. Gajere ne mai jan wuya, kullum cikin farin takalmi. Kaka kuwa wani tsohon kada ne da ke shan hantsi a kan yashin mashigi tun ina yaro. A Timor kowane kada kakanmu ne, amma wannan namu ne na gida. Shekara ashirin ina ƙetarar da mutane, kowace safiya in gaishe shi, in jefa masa ɗan bua, goron nan da muke taunawa har baki ya yi ja. Bai taɓa yi wa jirgina kallon banza ba.

Fursunoni suka ɗauro shi a gora suka kai shi farfajiyar ofis. Da rana ta take aka aiko kirana.

Wanda ya zo kiran Evaristo ne, shugaban 'yan dokan Bature kuma tafintansa. Ɗan ƙauyenmu ne, mu da sunan Mau-Soko muka san shi kafin ya sayi suna a coci. Ya tsaya a bakin ruwa yana kaɗe ƙura daga hularsa.

“Leki-Dasi, arziki ya same ka. Maigida na son fatar, zai aika wa matarsa can ƙasarsu, Lisboa. Ya tambayi wanda ya fi kowa iya wuƙa, na ce ai ba kamar yayana.”

“Yaushe na zama yayanka?”

“Yau. Kawo wuƙar.”

Na san abin da ya ƙulla. In na ƙi, sunana mai taurin kai, a sa ni a jirgin ruwa zuwa tsibirin Atauro, inda mutum ke tafiya da baƙin gashi ya dawo da fari, in ya dawo. In na yarda na sa wa Kaka wuƙa, babu mai sake shiga kwalekwalena, ni ma ba zan ƙara tsoma ƙafa a kogin ba, don danginsa na nan a ƙasan ruwa. Ko ta ina, Mau-Soko ya raba ni da mashigi. Dalilinsa kuwa tsoho ne. Zamanin Japanawa ni na ƙetarar da shi tare da sojojinsu, yana gaba yana nuna musu kogon da mutanen tudu suka ɓoye hatsi. Da Fotugal suka dawo suka bi masu irin wannan aiki ɗaya bayan ɗaya, shi ya tsira da sabon suna da kaki. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka gani.

Na ɗauki wuƙa, na cika bakina da bua, na bi shi.

Ban yi makaranta ba, amma na san farashin laifi a ofishin nan kamar yadda na san zurfin kogi. Ƙin umarni, Atauro. Rashin ladabi kuwa, palmatoriya ce kawai, wani faffaɗan katako mai huda biyar da ake zabga wa mutum a tafin hannu. In mai duka ya sake ƙarfi, hannu kan kumbura ya zama kamar gwanda, sati biyu ba ka riƙe ko cokali. Fatar kada kuma a zafin nan namu ba ta jiran sati biyu. Ba ta ma jiran gobe.

Mutanen gari sun tsaya daga nesa a bayan shinge. Kaka na kwance, ƙudaje sun fara taruwa a idonsa. Valadares ya fito yana murmushi, ya ɗora ƙafa a kan wutsiyar. Na cire ƙyallen da na ɗaure kaina da shi, na rusuna, na ce, “Ranka ya daɗe, an gama.” Sannan na juya kamar mai neman wurin tofarwa, na feshe farin takalminsa da jan miyau.

Wuyansa ya ƙara ja. Ya yi ta surfa magana da yarensu, na tsinci abu ɗaya da na sani: ashirin da huɗu.

Mau-Soko ya ɗauko katakon. Ya dube ni, ya dubi wuƙar da na ajiye a ƙasa, sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ba wawa ba ne. Ya ɗaga hannu sama sosai don Bature ya gani, ya sauke a hankali. Ƙara ta tashi, zafi babu.

“Ka ɗauka ban gane ba?” ya ce ƙasa-ƙasa da yarenmu. “Zan shafa maka su kamar uwa na lallashin jariri. Kana gamawa ka ɗauki wuƙarka.”

Biyu. Uku. Huɗu. Tafina ko ja bai yi ba.

“Hannunka ya mutu, Mau-Soko. Ko matarka ce ke yi maka dukan a gida?”

“Faɗi son ranka, tsohon kifi.”

“Ubanka ya fi ka. Shi da yake ɗaukar Bature a kujera, aƙalla yana da kafaɗa.”

Ya yi dariya. Bakwai. Takwas. Zagin iyaye bai huda kakinsa ba. Na ga in na yi wasa za a gama ƙirga ina da hannu lafiyayye.

Sai na ɗaga murya kaɗan. “Da ba haka kake ba. Ranar da na ƙetarar da kai zuwa kogon hatsi, kana da kuzari. Kai da su wa ma? Tsufa ya sa na fara mantuwa.”

Katakon ya tsaya a sama.

“Rufe bakinka.”

“Maigidanka ba ya jin yarenmu, na sani. Amma akwai sunan da ba ya bukatar tafinta. In faɗa sau ɗaya ya juyo, in faɗa sau biyu ya tambaya. Ja...”

Ban ƙarasa cewa Japanawa ba. Na tara ya sauko kamar faɗuwar itace. Na ji shi har cikin haƙorana. Daga nan bai sake tunani ba, duka yake yi don ya hana ni numfashin magana, ni kuma duk sanda ya sassauta sai in buɗe baki. A na sha bakwai wani abu ya karye a ɗan yatsana na hagu. Valadares na gefe yana gyaɗa kai, ya ji daɗin ganin ɗan doka mai kishin takalmin ubangidansa.

Da aka cika ashirin da huɗu, Baturen ya nuna wuƙa. Na durƙusa da ladabi, na kai hannu. Yatsun sun ƙi haɗuwa. Na gwada da hannu biyu, wuƙar ta suɓuce. Na sake gwadawa don kowa ya shaida ban ƙi umarni ba.

Valadares ya dubi rana, ya dubi ƙudajen. Ya waiga wajen shinge, babu kowa, mutanen gari sun watse kamar an share su. Fursunonin ma an mai da su aikin hanya. Idonsa ya sauka a kan wanda ya lalata masa mafeɗi.

Mau-Soko ya yi magana mai tsawo da yaren Bature, har da haɗa hannuwa. Baturen ya amsa da kalma biyu, ya shuri wuƙar zuwa gabansa.

Ina zaune a gindin bango, hannuwana a kan gwiwa, na kalle shi daga farko har ƙarshe. Kafin ya fara ya yi alamar gicciye, sannan na ji yana raɗa wa Kaka neman gafara da yaren uwarsa. Aikin ma bai iya ba, ya huda fatar wuri uku. Da yamma dattawa suka karɓi abin da ya rage, suka naɗe shi da sabon saƙi suka binne a bakin mashigi, yadda ake yi wa babban mutum.

Sati uku ƙanen matata ya riƙe mini jirgi. Ranar da na koma, ɗan yatsan ya warke a lanƙwashe, har yau haka yake. Da hantsi sai ga Mau-Soko da takardar ofis zuwa ƙetare. Ya tsaya taku goma daga ruwa. Can kan yashi wani matashin kada ya riga ya gaje wurin shan rana.

“Shigo mana, ƙanena,” na ce. “Kai ba sai ka jira layi ba.”

Ya dubi ruwan, ya tofar da miyau, ya juya ya kama hanyar tudu, inda kogin ke da duwatsun takawa. Tafiyar yini biyu ce zuwa da dawowa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana binta, rani da damina, har gwiwarsa ta gaza aka karɓe kakin.