Tanki a Kan Ƙafafu Huɗu

Inna ta shiga makarantar manya ne bayan furfura ta gama cinye mata kai. Ta koyi baƙaƙe, ta koyi tarawa da ɗebewa, har ta kai ajin da ake zana siffofi a allo ana neman hujjarsu. Malamar ajin ba ta kai sa'ar autar Inna ba, amma dokarta ba ta lanƙwasuwa: a raba takarda gida biyu, a rubuta magana a hagu, a rubuta dalilinta a dama. Duk maganar da ta zo ba dalili, ko da ido yana ganin gaskiyarta, jan biro ne zai bi ta kanta.

Ran nan da yamma Malama ta zana siffofi biyu masu gefe huɗu-huɗu, ta ce kowane gefe na wannan tsawonsa ɗaya da takwaransa na waccan. Shin tilas ne siffofin su zama iri ɗaya? Inna ta gyara tabarau, ta rubuta a hagu cewa tilas ne. A dama ta sa dalilin da suka koya a kan alwatika, wato in gefuna suka yi daidai, komai ya yi daidai.

Malama ta tsaya a kanta ta karanta. "Inna, wannan dalilin na mai gefe uku ne. Kin yi wa mai huɗu aronsa, kuma bai shige ta ba."

Wani tsohon maigadi da ke zama a bencin baya ya ce, "Ai ku bar ta, Malama. Da tsofaffin kayan yayyensu ta raini 'ya'yanta, ta saba."

Aka yi dariya, har da Inna. Malama ta buɗe durowa ta ɗauko siraran katako huɗu da aka haɗa bakunansu da ƙusa, ta tsayar da su a kan tebur kamar ƙofar taga. Ta sa yatsa ɗaya ta tura kusurwar sama. Abin ya karkata a hankali, ya ci gaba da karkata, har ya kwanta shame-shame.

"Ku duba da kyau," in ji ta. "Ba abin da ya karye, ba gefen da ya ragu, amma ga ta a ƙasa."

Ta tashe ta, ta gitta katako na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa, siffar ta rabu alwatika biyu. Ta tura da tafin hannu, ko gezau. Ta ce a rubuta abin da aka gani da dalilinsa.

Inna ba ta rubuta ba. Gidanta ne ya faɗo mata a rai. A tsakar gidanta akwai tankin ruwa a bisa dogayen ƙafafun ƙarfe huɗu, kuma a da kowane ɓangare yana da ƙarfe a gicciye. Kwanan baya ɗanta, wanda yake gyaran babura a ƙofar gida, ya kwance na gicciyen duka domin ya riƙa tura baburan mutane cikin inuwar. Tankin ya daɗe ba ruwa saboda injin jawo ruwan ya lalace, shi ya sa ba wanda ya kula. Da safen nan ta ji yana cewa yau mai gyaran inji zai zo. Jikokinta biyu kuwa ba su da wurin wasa sai wannan inuwar.

Ta miƙe, ta zare na biyar ɗin, ta ɗauki katakon nan huɗu daga kan tebur, ta fita. Malama tana kira, ba ta waiwaya ba.

Gwiwoyinta sun daɗe da daina sauri, amma ranar ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Tun daga bakin layi ta jiyo gurnanin injin. Da ta shiga gida ta tarar da ruwa yana hawa cikin bututu yana zuba a tanki, ƙarar zubarsa ta riga ta yi nauyi, alamar ya wuce rabi. Jikokin suna ƙarƙashi suna jera marafan kwalba. Uwarsu tana gefe tana shanya.

Inna ta finciko yaran da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, ta tura su wurin uwarsu. "Shige da su ɗaki, ki rufe."

"Inna, lafiya?"

"Ki rufe, na ce."

Ɗan ya shigo yana goge baƙin mai a hannunsa. "A'a, ɗaliba, an tashi da wuri ne, ko korar ki aka yi?"

"Kashe injin nan."

"Haba Inna, yanzu fa muka samu ya tashi. Me ya faru?"

Ta tsayar da katakon a gabansa, ta tura da yatsa, ya kwanta. Ta nuna masa ƙafafun tankin. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, sai ya tuntsure da dariya.

"Wannan ai tsinken katako ne. Waɗancan kuwa ƙarfe ne, kaurin damtsena. Ni na auna su da hannuna, duk tsawonsu ɗaya."

"Na nan ma tsawonsu ɗaya. Ba ni wani dalilin."

"Ga shi kina gani a tsaye!"

"Gani ba dalili ba ne. A da ba kome a cikinsa, shi ya sa yake tsaye. Me zai hana shi karkata yanzu?"

Sai fushi ya zo masa. "Inna, don Allah a bar boko a aji. Mako nawa muna jidon ruwa a bokiti? Ba zan kashe ba sai ya cika."

Inna ta ajiye katakon. Ta ɗauko 'yar kujerarta, ta kai ta tsakiyar ƙafafun nan huɗu, ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya. Daga nan ta ɗaga kai. Ba ta taɓa kallon tankin daga ƙasa ba: baƙin cikinsa ya rufe mata sama ƙaf, ɗigon ruwa yana bin ƙarfe yana sauka a kafaɗarta.

"Inna, tashi daga nan."

"Ai ka ce ba kome. Bari in sha inuwa."

"Inna!"

Iska ta ɗan kaɗa kayan shanya. A can sama wani noti ya yi ƙara, irin ta ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, sa'an nan wani ya amsa masa daga ɗaya kusurwar. Tsatsa ta zubo a kan zaninta. Da gudu ɗan ya je ya fizge wayar injin, gurnanin ya mutu, gidan ya yi tsit, ba a jin kome sai ruwa yana kai da komo a cikin tankin.

Ya dawo ya tsaya daga nesa, ya miƙo mata hannu, muryarsa ta koma ta yaro. "Na kashe. Fito a hankali, kada ki taɓa ƙarfen."

"Ina waɗanda ka kwance?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yanka su. Na yi benci."

Inna ta ce, "To buɗe famfon ƙasa, ya tsiyaye duka. In ya ƙare zan tashi."

Ya rarrafa ya murɗa famfon. Ruwa ya fara malala a tsakar gida, siriri, yana bi ta ƙarƙashin kujerarta. Tankin babba ne, famfon kuwa ƙarami. Suka zauna suna saurare.