Hannun da Rini Ya Tona

Auta bai nemi shawarar kowa ba ranar da kwalin ya iso. Ya shige da shi ɗakin ajiya na bayan gida, ya ture tsofaffin tayoyi gefe, ya zazzage kayan a kan tebur: gangar jikin jita ta farin katako, dogon wuyanta, tsirkiyoyi a naɗe, wayoyi, da sukurori a leda. Jita ce mai aiki da lantarki, irin wadda ake sayarwa a wargaje, mai saye ya haɗa abarsa. Ya kira matarsa ya nuna mata ƙofar ɗakin.

"Kada kowa ya shiga nan. Musamman Yaya."

Dole ya ce musamman Yaya. Auta ya haura arba'in, direban bas ne, har da furfura a gemu, amma a wurin babban wansa kafinta har yau shi yaro ne da ba a miƙa wa guduma. Tun suna shagon mahaifinsu haka abin yake. Auta ya ɗauki ƙusa, Yaya ya ce "kawo". Ya ɗauki zarto, "kawo, za ka ji ciwo". Da injin yanka ya cinye wa Yaya ƙaramin yatsan hannun hagu kuwa, sai aka raba Auta da shagon gaba ɗaya. Gadon aurensa Yaya ya yi. Kujerun falonsa Yaya ya yi. Ko ƙofar banɗaki ce ta saki, kafin ya dawo daga aiki an gyara. Mutane na cewa ya yi dacen ɗan'uwa. Shi kuwa abin na cin ransa, domin a duk gidansa babu abu ɗaya da zai nuna ya ce, ni na yi wannan.

Jitar nan ita ce za ta zama abin. Kiɗan ma kaɗan ya iya, tun na ƙuruciya. Haɗawar ce ta dame shi.

Ya goge katakon da sanfefa har yatsunsa suka yi sulɓi. Wata safiya ya shafa gam a ramin wuyan, ya zura shi a hankali, ya ɗaure tam da yankin tsohon tiyub na taya irin ɗaurin kayan direbobi, ya tafi aiki. Washegari da ya kwance, sai ga wuya a miƙe sambal. Ya ɗaga ta saitin taga, ya kanne ido ɗaya, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Zo ki gani! Wa ya ce ban da hannu?"

"Madalla," in ji ta, ta koma kicin da sauri.

Fenti kam ya rantse ba zai sa ba. Fenti na Yaya ne, mutumin da ke lafta wa kowace ƙofa da kowane kabad ruwan ƙasa mai kauri har a rasa gane katako ne ko ƙarfe. Auta rini ya sayo, ja mai duhu, irin wanda ke shiga cikin katako ya fito da zanensa. Ya tsoma tsumma ya fara shafawa daga ƙasa. Nan da nan jijiyoyin katakon suka taso, ja a kan ja, har ya ji ƙirjinsa ya cika. Yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Da ya zo kusa da wuyan, sai wani wuri ya ƙi shan rinin.

Ya ƙara tsomawa, ya dirza. Gefe ya ƙara duhu, wurin ya ƙara haske. Ya san dalili, domin takardar cikin kwalin ta faɗa: inda duk gam ya taɓa, ko ido bai gani ba, rini ba ya shiga. Amma shi ya kiyaye, ko ɗigo bai bari ya zuba ba. Ya ja da baya ya duba da kyau. Tafin hannu ne, fari fat a tsakiyar ja. Ga babban yatsa, ga uku a jere. Inda ƙaramin zai kasance, babu komai.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Bai ko yi ihu ba. Ya ɗauki jitar ya tsaya a ƙofar kicin ya juya wa matarsa ita. Ta dubi hannun, ta ajiye ludayi.

"Tsani Yaya ya zo ɗauka," ta ce. "Ya ce wuyan ya ɗan karkace, gam ɗin kuma bai bushe ba. Ya cire ya mayar. Ya ce kada in faɗa maka, don kada ranka ya ɓaci."

"To ai ga shi bai ɓaci ba!"

Haka ya fita titi da ita, rinin bai bushe ba, yana ɓata masa gaban riga. Ya tarar da Yaya a shago yana auna wata ƙofa, fensir a bayan kunne. Ya dangwara jitar a kan teburin aikin har ƙusoshi suka yi tsalle.

Yaya ya dubi farin hannun, ya dubi nasa. Sabo ne ya kama shi. Shekara da shekaru yana share gam da tafin hannu, ya dafa katako, fenti ya zo ya rufe komai. Bai taɓa yin aikin da za a ga fuskar katakon ba.

"Af," ya ce a hankali. "Ban san rini za ka sa ba. Kawo in kankare maka, in sa fenti, ba wanda zai gani."

"Kawo!" Muryar Auta ta fashe har mai walda na gefe ya kashe injinsa. "Kawo! Tun ina da wayo kalmar da na sani a bakinka ke nan, Yaya. Wa ya aike ka? Na roƙe ka?"

"Ta karkace, Auta. Da ba ta yi kiɗa daidai ba."

"Ta karkace mana! Karkatacciyar tawa ce! Na ɗaga ta a taga ina washe baki, ina kiran matata ta zo ta ga aikina, ashe naka nake nuna mata, ita kuma ta sani. Ka mai da ni abin tausayi a gidana."

"Kunya na guje maka."

"Kunyar ma ka hana ni. Komai ka ba ni, Yaya, ba na musu. Abu ɗaya na so in sani, ko na iya ko ban iya ba, shi ma ka bi ni har ɗakin ajiya ka ƙwace."

Idanunsa suka kawo ruwa, abin ya ƙara ba shi haushi. Ya tura jitar gaban wansa.

"Taka ce. Ga hannunka nan a jiki, ka riƙe abarka."

"Ni ina na iya kiɗa?"

"Ka rataye a bango, ka nuna wa mutane."

Yaya ya shafa dungulmin yatsansa. Auta ya juya zai fita, sai ya hango tsohon zarton mahaifinsu rataye inda yake tun suna yara. Ya tsaya. Ya miƙa hannunsa jajur da rini ya sauko da shi, ya jawo wani faffaɗan katako daga ƙarƙashin teburin, ya zare fensirin daga kunnen Yaya, ya zana gangar jikin jita da ka. Zanen bai yi kyau ba. Ya ɗora gwiwa a kai ya fara yanka, zarton na tsalle, yana barin layi.

Yaya ya matso taku ɗaya. Bakinsa ya buɗe, kalmar ta zo har kan harshe. Ya dubi yatsun ƙaninsa dab da haƙoran zarton, ya dubi farin hannun da ke kan jitar.

Sai ya tura hannuwansa biyu cikin aljihu, ya tsaya yana kallon yankan yana karkacewa.